Littattafan Matasa, Soyayya da Zugar Ƙawaye: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin tambayoyin nan daga bakin iyaye mata da malaman sakandare suke fitowa, sai ɗaya ko biyu daga yaran da kansu. Duk a kan abu ɗaya suke: me ke cikin labaran da 'yan shekara 13 zuwa 18 ke raba dare suna karantawa, kuma me labaran ke gaya musu game da so da kuma abota.

Mene ne littafin matasa, kuma muna da irinsa a Hausa?

A Amurka da Ingila sashe ne mai zaman kansa a shagon littattafai, ana rubuta shi don 'yan shekara 12 zuwa 18. Alamarsa ita ce jarumin labarin matashi ne, kuma da idonsa mai karatu ke kallon duniya, ba da idon uba ko malami ba. Masu bin tarihin wannan fanni kan kawo shekarar 1967, lokacin da S. E. Hinton ta fitar da The Outsiders, labarin rikicin gungun samari biyu, 'ya'yan talakawa da 'ya'yan masu hali. Tana sakandare a garin Tulsa ta fara rubuta shi, ya fito tana da shekara 18. A nan gida kuwa, waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1980 ba za su manta da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan ba, wanda aka fara a 1977, sai dai shi da Turanci ne.

A Hausa abin ya zo da giɓi. Muna da littattafan aji, irin su Magana Jari Ce da ya fara fitowa a 1937, muna kuma da tarin littattafan soyayya da suka ɓarke a Kano tun tsakiyar shekarun 1980, waɗanda aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. Tsakanin waɗannan biyun babu wani abin kirki da aka tanada musamman don yaron da ya wuce tatsuniya bai kuma kai aure ba. Don haka yarinya 'yar aji uku na ƙaramar sakandare littafin yayarta take ɗauka, ko na matar yayanta. Jarumar littafin kan kasance 'yar shekara 17 a shafukan farko, amma kafin a kai tsakiya ta yi aure, an shiga rigimar kishiya da uwar miji. Ƙuruciyar ba a tsaya mata, wucewa kawai ake yi ta cikinta a guje.

Yaya waɗannan littattafai ke nuna soyayyar 'yan mata?

A fara da ba su haƙƙinsu. Tun daga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980, marubuta mata sun yi amfani da labarin soyayya wajen faɗin abin da ba a faɗa a tsakar gida: a nemi yardar yarinya kafin a ɗaura mata aure, a bar ta ta ƙarasa karatu. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990 a kan wannan batu. 'Yan mata da yawa a shagon hayar littattafai suka fara jin cewa ƙin auren dole ba fitsara ba ne, addini ma ya ba su wannan dama.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi damuna. Akwai wani zubi da ya kama kasuwa, musamman a waya, har ya zama kamar dole. Saurayin ɗan shekara talatin da wani abu ne, mai kamfani ko babban soja, miskili, ba ya dariya. Ita kuwa tana ajin ƙarshe, 'yar talakawa, kyakkyawa ta buga a jarida. Haɗuwarsu ta farko mari ne ko zagi. Ya hana ta gaisa da kowa, ya duba wayarta, ya murɗe mata hannu, marubuciyar kuma ta rubuta cewa tsananin so ne ke ɗawainiya da shi. Can a kashi na uku sai ya yi laushi, ya kai ta Dubai.

Yarinyar da ta karanta irin wannan sau talatin ta koyi darasi ko da ba wanda ya zaunar da ita: wulaƙanci ƙofar so ne, kishin da ya kai ga duka alamar ƙauna ce, kuma haƙuri kan mayar da azzalumi mutumin kirki. A ganina wannan ya fi shafin batsa illa, domin ita batsa yarinyar ta san abin kunya take karantawa, har tana ɓoyewa. Wannan kuwa a matsayin nasiha take haɗiye shi.

Abin da ba kasafai ake gani ba shi ne soyayyar da yaran ke yi da gaske: sa'anni biyu 'yan islamiyya ɗaya, saƙon da aka rubuta aka goge sau biyar, ƙanin da ake ba alawa ya kai wasiƙa, kwana uku ba a cin abinci don an ga ya gaisa da wata a bakin famfo, sannan bayan wata shida a rasa ma me aka gani a jikin juna.

Ai kullum ana nuna illar mugayen ƙawaye a littattafan nan. Me ya rage kuma?

Ana nunawa, amma da wuya a nuna yadda abin yake faruwa. Muguwar ƙawa a littafi tun daga shigowarta ka san ta. Tana taunar cingam, gyalenta a kafaɗa, idonta a tsaye, ta buɗe baki ta ce, "Ke dalla can, zo in kai ki wajen wani Alhaji." Wace yarinya ce za ta karanta wannan ta ga ƙawarta a ciki? Ƙawarta ta zahiri ita ce wadda ta ba ta aron hijabi ranar da nata ya yage, ta raba kuɗin tara da ita, ta kwana a kanta a ɗakin jinya na makaranta. Ta hannun irin wannan ake faɗawa, kuma sau da yawa ita ma ba mugunta ta nufa ba.

Akwai binciken da ya kamata duk mai rubuta wa matasa ya sani. Laurence Steinberg, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Temple da ke Amurka, shi da abokan aikinsa sun sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda direba zai zaɓa ko ya tsaya idan fitilar hanya ta nuna ruwan ɗorawa ko ya yi kasada ya wuce. A sakamakon da suka fitar a 2005, matasa sun fi yin kasada nesa ba kusa ba idan sa'anninsu na tare da su, alhali manya ba su canja sosai ba. A wani gwajin da suka wallafa a 2011, abokan suna wani ɗaki dabam suna kallo, ba sa ba da shawara yayin tuƙin, amma sanin cewa ana kallo kaɗai ya isa ya ƙara kasadar, kuma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna sashen da ke jin daɗin samun lada ya ƙara motsi. Wato ba sai an ce "yi mana" ba. Ido kawai ya isa.

To ga yadda wannan zai kasance a shafi. A ce makarantar kwana ce, an dawo hutu, 'yan ɗaki shida sun baje kaya a kan gado. Ɗaya ta zaro waya daga cikin safa, sabuwa dal, aka yi shewa ƙasa-ƙasa don kada matar da ke kula da ɗakin kwana ta ji. Kowa ta faɗi wanda ya yi mata hidima a hutun: mai turare, mai atamfa, mai katin waya. Aka zo kan jarumarmu, ita kuwa garin rogo da ƙuli-ƙuli da sabulun wanki ne a akwatinta, mahaifinta ya haɗa mata da ƙyar. Ba wadda ta zage ta. Shiru kawai aka yi na ɗan lokaci, sai mai wayar ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ki bari kawai, abokin nawa ya ga hotonki ya tambaye ni ke, na ce masa ke ustaziya ce." Aka yi dariya, ita ma ta yi. Da dare, bayan an kashe fitila, ita da kanta ta matso ta ce, "Wai me ya ce?"

Wannan shi ne wurin da labari ya kamata ya daɗe a kai, domin a nan mai karatu za ta ji gabanta ya faɗi, ta ce ai na san wannan shirun. Marubuta da yawa tsallake shi suke yi da jimla ɗaya, "a haka ƙawaye suka hure mata kunne," su garzaya wajen cikin shege da kuka.

Kuma matsin ba kan samari kaɗai yake ba. Akwai anko da sai an yi ko da bashi, akwai man bilicin, akwai satar amsa a jarrabawa da idan ka ƙi a ce ka cika son kai, akwai haɗa kai a ware wata a aji ba don ta yi laifi ba. Haka nan akwai zuga ta alheri, wadda kusan ba a rubuta ta: ƙawayen da ke gasar hadda, ko abokin da ya ja hannun ɗan'uwansa ya ce mu tafi gida.

Samari fa? Kamar duk maganar ta 'yan mata ce.

Haka ne, kuma wannan babban rashi ne. Mata ne mafi yawan marubuta da masu karatu, don haka yaro ɗan shekara 16 ba ya ganin kansa a littafin Hausa sai a matsayin ɗan aike ko ɗan iskan unguwa. Alhali abin rubutawa a rayuwarsa ya fi ƙarfin littafi ɗaya. Ga majalisar bakin layi, inda ake kiran wanda ke komawa gida da magariba ɗan Hajiya. Ga cacar ƙwallo a waya. Ga kwalbar lemo da ake zagayawa da ita, kowa ya san abin da aka zuba a ciki. A watan Mayu na 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na BBC ya nuna yadda matasa ke shan sa, har da a Kano. Ga daba a Kano, kalare a Gombe, sara-suka a Bauci da Jos, waɗanda yaro kan shiga sau da yawa don ya sami masu tare masa faɗa.

Labarai masu 'yan daba a ciki suna nan, amma daga waje ake kallonsu, da wuƙa a hannu. Ranar da yaron ya fara karɓar kwalbar don kada a ce ya ji tsoro, ita ce ba mu cika samu ba.

Ni dai a ganina karanta irin waɗannan abubuwa ne ke koya wa yara. Ba gara a hana gaba ɗaya ba?

Malam, damuwarka tana da tushe, kuma ba kai ka fara ta ba. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a Kano. Tun kafin nan malaman jami'a sun sha kai ruwa rana a jaridu, Ibrahim Malumfashi na sukar ingancin littattafan, Abdalla Uba Adamu na cewa a dube su da idon basira tun da su ne jama'a ke karantawa. Abin da ya biyo bayan ƙonawar kowa ya gani: labaran sun bar takarda sun koma waya, inda ba mai ganin bangon littafi balle ya ƙwace.

Cewa labari ba ya cutarwa kuwa ba gaskiya ba ne. Ko a Amurka, lokacin da kamfanin fina-finai na Netflix ya mayar da littafin Thirteen Reasons Why fim mai dogon zango a 2017, likitocin ƙwaƙwalwa da malaman makaranta sun yi ca a kan yadda aka nuna yarinya na kashe kanta dalla-dalla, har kamfanin ya cire wannan wurin a 2019. Ba batun ne aka ce kada a taɓa ba, yadda aka nuna shi ne matsalar. Haka abin yake a nan. Littafin da ya ambaci shaye-shaye ya nuna yadda ake zamewa ciki dabam, wanda ya ƙawata shi har mai karatu ya ji yawunsa ya tsinke dabam. Hanawa gaba ɗaya tana zubar da na farkon, na biyun kuwa ta ƙara masa farin jini.

To ba sai a riƙa hukunta mai laifi a ƙarshen labari ba, don yara su ji tsoro?

An fi shekara talatin ana yin haka: ciki, ciwon da ba ya jin magani, haɗarin mota, hauka. Yaran sun haddace, suna karanta daɗin da ke tsakiya su tsallake wa'azin ƙarshe. Sun kuma san 'yar ajinsu da ta yi duk abin nan ba abin da ya same ta, don haka sai su daina yarda da marubucin. Sakamakon da ke kama zuciya shi ne ƙarami na gaskiya, kamar ƙawancen shekara shida da ya mutu, ko uwa da ta daina aiken 'yarta da kuɗi ba tare da ta ce komai ba.

Na kama 'yata, shekararta 15, tana karanta nobel a waya ƙarfe biyun dare. Me zan yi?

Hajiya, abu biyu ne a nan, kada a haɗa su. Raba dare da waya matsala ce ko da tafsiri take saurare, kuma maganinta doka ce ta gida: waya ta kwana a ɗakinki. Karatun kuwa, ki fara da sanin me take karantawa. Ki tambaye ta sunan littafin ba da faɗa ba, ki karanta ko da shafi ashirin ne, ko ki sa a kunna miki, tun da yawancinsu ana karanta su da murya a YouTube.

Ki kuma san yadda kasuwar take. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad, idan labari ya ɗauko daɗi sai ta ce daga nan sai an biya, a tura 'yan ɗaruruwan naira a sa mutum a rukunin masu biya. Wasu sukan rubuta a sama cewa na matan aure ne, amma ba mai tambayar shekarun wadda ta turo kuɗi, kuma wannan gargaɗin shi ne ma ke jawo yaran. Idan kin ga kuɗin katinta na ƙarewa ba dalili, ko tana cikin rukunonin da ba ki san kowa a ciki ba, nan ne wurin dubawa. Rukunin ya fi littafin haɗari, don akwai manya maza da ke shiga da sunan mata.

Idan kin karanta kin ga ba batsa ba ne, ki yi amfani da shi. Yarinyar da ba za ta taɓa gaya miki wanda ke tare ta a hanyar islamiyya ba, za ta yi awa guda tana ba ki labarin jarumar littafi. Ki ce mata, "Ni fa wannan mutumin bai kwanta mini ba, daga haɗuwa sai mari?" Ki ji me za ta ce. Amsar da za ta bayar a kan jarumar, rabinta a kan kanta take magana.

Akwai alamun da zan gane littafin da ya dace da ɗan sakandare?

Ki duba tazarar shekaru tsakanin masoyan, da kuma ko labarin ya ɗauki tazarar a matsayin abin tambaya ko abin alfahari. Ki duba ko jarumar tana da wani buri ban da aure, ko tana da ƙawa ta gari ko da ɗaya ce. Idan ta ce a'a, ana jin ta, ko kuwa a'ar tata ado ce kafin ta sallama? Sannan manyan da ke cikin labarin, akwai wanda yaro zai iya kai wa kuka, ko duk azzalumai ne da sakarkaru? Littafin da ya nuna wa yaro cewa ba babban da za a iya gaya wa magana, ya rufe masa ƙofar da ya fi buƙata.

Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ba za ta iya magance wannan ba?

Hukumar ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya duba abin da aka buga aka kai kasuwa a jihar. Labarin da aka rubuta a waya a Kaduna, aka tura rukunin da ke da mambobi a Maraɗi da Kumasi da Jidda, ya fi ƙarfin kowace hukuma ta jiha ɗaya.

Ni malamar Hausa ce a sakandare. Zan iya kawo irin wannan a aji?

Za ki iya, kuma ba sai kin kawo littafi sukutum ba. Ki rubuta shafi ɗaya da kanki, ki tsaya daidai inda jarumi zai yanke shawara, ki ce kowa ya ƙarasa. Kada ki sa maki a kan wanda ya fi kawo ƙarshe mai tarbiyya, don duk za su rubuta miki abin da kike son ji. Ki tambaye su me zai faru da shi gobe a aji idan ya ƙi, wa zai daina yi masa magana, da wane baki zai ƙi ba tare da ya rasa abokansa ba. Wannan na ƙarshen shi ne abin da yara suka fi rasawa. Sun san abin ba kyau, kalmomin zamewa ne ba su da su, kuma a bakin junansu za su same su fiye da a bakinki.

Shekarata 17, ina son in rubuta labarin irin rayuwarmu. Ta ina zan fara?

Ki fara da abin da kunnenki ya ji. Yadda 'yan ajinku ke magana idan ba malami a kusa, ba marubucin da ya kai ki sani, don haka kada ki sa su yin Hausar littafi. Ki bar mai kamfani da jirgin Dubai, masu rubuta su sun yi yawa. Ki ɗauki zango ɗaya na makaranta, ƙawaye uku, da abu ɗaya da aka matsa wa ɗayarsu ta yi. Ki ba wadda ta yi zugar dalilinta, ta yadda mai karatu zai so ta kafin ya ji haushinta. Ki canja sunaye da kamanni da unguwa sosai, kada wata ta buɗe ta ga sirrinta a waya.

Ki gwada gajeren labari kafin dogo, ki ba wani babba da kika yarda da shi ya karanta kafin ki saki. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, gajerun labarai take karɓa, sai ki duba ƙa'idar shekaru da yawan kalmomi a sanarwar kowace shekara. Idan kuma a rukuni za ki riƙa sakin labarin, kada ki sa lambar wayarki a ƙarƙashinsa.